Hutun da Baban Nuriyya Ya Kai Mu Kano

Haɗejiya,
4 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya damina a Sakkwato? Mu nan ruwa ya sauka sosai, kogi ya cika, shinkafa ta yi kore shar.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Ɗakinmu ne ba ya riƙe magana, Yaya. Ina ɗaga waya Nuriyya za ta zo ta kwanta a cinyata, Fatihu kuma ya buɗe littafi kamar mai karatu, kunnensa yana wajena. Shi ya sa kullum nake ce miki jikin babansu da sauƙi.

Babu sauƙi. Wankin ƙodar ya daina riƙe shi kamar da. Ƙafafunsa sun kumbura har takalminsa ba ya shiga, bana ko fadama bai leƙa ba, ƙaninsa Inuwa ne ya tsaya a kan gonar. Likita ya tura mu Kano a duba ko za a yi masa dashen ƙoda, ni kuma na ce a gwada tawa. Sai da muka yi kwana da kwanaki ba ma shiri kafin ya yarda. Don Allah kada Inna ta ji tukuna.

Yanzu ya kafe sai mun tafi da yaran. Ya ce tun Fatihu yana aji ɗaya yake masa alkawarin gidan zu, kullum noma yana cinye hutun, yaran da ba su taɓa wuce Kafin Hausa ba. Ya gaya musu yawon hutu za mu, Nuriyya har ta ɗaure kayanta a ɗankwalina. Ke kika yi karatu a Kano. Ki faɗa mini wuraren da ake kai yara, amma masu inuwa da wurin zama, waɗanda ba sai an yi doguwar tafiya a ƙasa ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Adila.


Kano,
17 ga Agusta.

Yaya Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, Allah ya saka da alheri. Mun sauka lafiya a gidan wani abokinsa a Tarauni, matarsa tana riƙe mana yaran duk ranar da muka tafi asibiti. Su a zatonsu gaishe-gaishen dangi muke zuwa.

Gidan zu muka fara, washegarin wankin ƙoda, don ranar ce yake ɗan jin ƙarfi. Da kin ga Nuriyya a gaban jimina! Ta riƙe rigar babanta tana tambaya ko kaza ce ta ci abinci da yawa. Ya yi dariya har da tari. Fatihu kuwa da muka zo wajen tsuntsaye sai ya taɓe baki, wai na fadamar Baturiya da ke can wajenmu sun fi waɗannan yawa, kuma su ba a kulle suke ba. Kafin mu kai wajen zaki babansu ya zauna a benci, ya ce mu ƙarasa, shi ya sha ganin zaki. Ni na san bai taɓa gani ba. Da muka dawo ya sa Nuriyya ta kwaikwaya masa hammar da zakin ya yi, ta yi, ya ce ta sake.

Mun je Gidan Makama kamar yadda kika ce, akwai sanyi a ciki, ya ji daɗinsa. Mun je karofin Ƙofar Mata, wani dattijo ya bar Fatihu ya tsoma ƙyalle a ruwan baba na rini, yatsunsa har yau shuɗi ne, ya ƙi yarda a goge. A wani babban kanti sun hau lilo mai juyawa, ya saya musu askirim, shi da ko ruwa sai an auna masa. Yana zaune yana kallon bakinsu.

Yaya, sakamako ya fito ranar Litinin. Ƙodata ta dace da shi. Ban gama cewa alhamdulillahi ba likitan ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ba za ta ɗauki aikin ba, ko yanzu ko nan gaba. Na ce a sake dubawa, ya ce sun duba sun sake. Baban Nuriyya ya yi masa godiya, ya miƙe. A cikin adaidaita sahu ya ce da ni, “To kin ga Allah ya bar wa yara ke cikakkiya.” Na juya ina kallon titi.

Duk da haka jiya ya ce sai Dala. Na ce babu Dala a cikin wuraren da kika faɗa, ya ce a nasa akwai. A gindin dutsen ya nemi dakali ya zauna, ya ce mu hau mu ɗaga masa hannu. Muka hau, Kano duk ta bazu a ƙarƙashinmu, rufin kwano har iyakar gani. Nuriyya ta yi ta ɗaga hannu tana kiran Baba, ko inda yake ba ta gano ba. Fatihu bai kalli garin ba ko kaɗan. Ya matso kusa da ni ya ce, “Umma, Baba mutuwa zai yi ko?” Na ce wa ya gaya maka? Ya ce babu, shi dai ya ga wanda ya kawo mutane yawo ba ya zama a ƙasa. Da ma babansa ya roƙe ni kada su sani, amma yaron yana kallon idona. Na ce masa ciwon babba ne, rai kuma na Allah ne. Bai yi kuka ba. Ya kama hannun ƙanwarsa muka sauko.

Jibi za mu koma gida. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Adila.


Haɗejiya,
29 ga Satumba.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, ya gajiyar hanya? Allah ya ba da ladan zumunci. Kwanakin da kika yi a nan gidan cike yake da masu ta'aziyya, ba mu samu mun keɓe ba, ga shi akwai abin da nake so ki sani.

Da muka dawo daga Kano na faɗa masa abin da Fatihu ya tambaye ni a kan Dala. Na zaci zai yi fushi. Sai kawai ya sa Inuwa ya ɗauke su a babur, shi da yaron, zuwa fadama. Ban san abin da suka tattauna ba, kuma ban tambaya ba. Na dai ga tun ranar Fatihu ne yake zuba masa ruwan alwala, shi yake matsa masa ƙafa, ko ƙwallo aka kira shi ba ya fita. Ranar da abin ya zo, bayan azahar, hannunsa yana cikin na yaron.

Nuriyya ce ba ta gane ba har yanzu. Kin ji yadda take tare matan da suka zo gaisuwa tana ba su labarin jimina da lilo, wasu su yi murmushi, wasu su rufe fuska da mayafi. Ban hana ta ba. A wajenta babanta mutum ne da ya kai ta Kano ya saya mata askirim, kuma ina so ya zauna mata a haka.

Jiya da yamma ina tsince shinkafa ta zo ta tsaya a kaina, ta ce idan an sake yin hutu wa zai kai su, tunda Baba ya tafi? Fatihu yana bakin ƙofa yana wanke takalmin makaranta, bai ko ɗago ba ya ce, “Ni zan kai ki. Na riƙe hanya.” Ta ce to, ta koma wasanta. Shekararsa goma, Yaya. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Takaba tana tafiya, Inna tana nan tare da ni. Ki gaida maigidan da yara. Ki ci gaba da yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Ƙanwarki,
Adila.