Ƙasan Hoton Gidanmu

Anguwar Juma,
Birnin Zariya.

Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Hanan da yara. Ya Legas da cunkosonta? Mu nan sai godiya. Inna na gaishe ka, ƙafar tata da ɗan sauƙi.

Na ɗauki hoton gidan da ka ce mai saye yana son gani. Ka san raina bai so ba, amma tunda Inna ta ce maka a waya ta amince, ni wace ce? Da la'asar na hau soron Malam Suhail maƙwabcinmu, inda ake hango gidan gaba ɗaya, da dutsen Kufena can baya.

Hoton bai fito yadda ido ya gani ba. Sama ta yi fari fat, tsakar gida kuma baƙi ƙirin. Kai da kake cewa karatun hoto wasan yara ne, to saurara. A kwamfuta akwai wata filta ta gyaran haske da ake janyowa daga gefen hoto, ƙarfinta yana raguwa a hankali har ya ɓace, don kada a gane inda aka taɓa. Na ja ɗaya daga sama na rage haske. Gajimare ya fito, Kufena ya fito, har da shirwa biyu. Wallahi gidan ya yi kyan da ya ba ni haushi.

Sai na ja ta biyu daga ƙasa, na ƙara haske don a ga faɗin tsakar gida. Can a lungu, jikin ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, sai ga Inna a durƙushe. Ban gan ta ba lokacin da na ɗauka. Kwanon kwaɓaɓɓiyar ƙasa na gefenta, tana yaɓe inda ruwan bara ya zaizaye, da wannan ƙafar tata. Ba ta kira magini ba, ba ta gaya wa kowa ba. Mun shirya za ta koma wurinka kafin ruwa ya sauka, ita kuwa shirin damina take yi wa bango. Na daɗe ina kallo, Yaya, har na yi kuka.

Kai ne ɗanta na fari. Ko sunanka ba ta iya faɗa, balle ta ce maka a'a.

Na turo maka hotuna biyu. A na farko na bar ƙasan cikin duhunsa, shi zai yi wa mai saye. Na biyun ka buɗe shi kai kaɗai, ka ƙara girmansa, ka dubi hannunta kafin ka kira mutumin.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ibtisam.