Ma'aunin Ruwan da Na Saka a Tukunya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinka, labari na kawo maka kan ƙofar kanal ɗin ban ruwa da ka tsare shekara da shekaru a Bunkure.

Ka tuna yadda manoman saman kanal suke tare ruwa, tumatirin mutanen ƙasan kanal ya bushe, in ka kai ƙara ofis a ce ina shaidarka? Har ka bar duniya ana cewa tsufa ne ya rikita ka. Wallahi abin yana ci mini rai har yau.

To, yanzu sabis ɗin waya ya iso garinmu, na haɗa abin auna ruwan. Malamanmu na jami'a sun ce in jira na'ura daga waje, wadda sai da janareta. Janareta a bakin kanal, wa zai riƙa zuba mai? Na ce ba zan jira ba. Na samo tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, da ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, da ƙwallon roba mai bin tashin ruwa, da ƙaramin farantin sola. Sau biyar wayar take farkawa a rana, ta auna, ta aiko saƙo, ta koma barci don kada caji ya ƙare.

Na yi wauta da farko, batirin babur na sa. Kwana biyu wani ya yi gaba da shi. Sai na koma ƙananan batura irin na tocila, waɗanda ba mai sunkuyawa dominsu. Rana kuma ta dafa wayar a akwatin ƙarfe, Inna ta ba ni tukunyar ƙasa na kifa mata.

Ana ta dariya, wai injiniya da tukunya. Su yi ta yi. Kai ka koya mini cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Babana, mako shida ke nan saƙonni suna shigowa. Duk ranar rabon mutanen ƙasa, ruwa yana janyewa tun kafin azahar. Ba ka rikice ba. Da na gani sai da na yi kuka, don ba ka nan balle in nuna maka.

Ranar Asabar akwai taron manoma. An aiko mini cewa mace ba ta magana a wurin. Zan je, zan tsaya in karanta musu rana bayan rana, kuma da sunanka zan fara.

Allah ya jiƙanka, ya shayar da kai ruwan Alkausara.

'Yarka,
Rabi