Limancin Baba Malam

Dutse, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Safiyatu da yara. Ya karatu, ya zafin Madina? Na ɗauki alƙalami ne don a waya kuka ba ya barina in kai ƙarshen magana.

Ka sha tsokanata da cewa na yi digiri biyu don kiwon ɓera. To, ɓerayen nan ne suka hana ni barci. A ɗakin bincikenmu muna da masu ciwon mantuwa irin na tsofaffi. Muna sa siririyar waya a ƙwaƙwalwarsu, duk ƙwayar halittar ƙwaƙwalwa da ta motsa sai na'ura ta yi ƙara. A lafiyayyen ɓera ƙarar tana da tsari. A mara lafiya kuwa, wasu ƙwayoyin ba sa hutawa, kamar gugguru a kasko, wasu sun yi shiru ɗif. Sai ka ga ɓeran yana ta gudu yana wuce ƙofar da ya sani tun yana ƙarami.

Yaya, abin da ke damun Baba Malam ke nan, ba sammu ba ne kamar yadda Inna ke faɗa. Da na je Ringim ranar Juma'a, ina jiyo shi daga tsakar gida yana jan Magariba. Ya faro sura, ya faɗa wata, ya sake faɗawa wata. Sahu uku, duk shi ya koya musu baƙi da wasali, babu wanda ya iya buɗe baki ya gyara masa. Sai kowa ya koma gida ya sake salla a ɓoye.

Kai ne babba. Ka ba da izini ƙanenmu Fa'izu ya karɓi limancin kafin wani baƙo ya kunyata mana shi a bainar jama'a. Wallahi ina jin kamar ni ce mai tuɓe masa rawani.

Ƙanwarka,
Mashkura

Dutse, 25 ga Maris

Yaya Misbahu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na gode da amsarka.

An yi. Dattawa suka ce wa Baba Malam ya huta saboda gwiwa, bai musa ba. Ya tsaya a sahun farko, dab da bayan Fa'izu. Tsoro ya sa Fa'izu ya yi tuntuɓe a aya, sai Baba Malam ya gyara masa da muryarsa ta da, daram. An ce rabin masallacin sai da ya share hawaye. Ni kuwa, da duk bokona, har na fara cewa ko na yi gaggawa.

Bayan salla Fa'izu ya riƙo hannunsa har zaure. Da na kai wa Baba Malam fura, ya tambaye ni ɗan gidan wa ne yaron nan da ya ja salla. Ya ce karatunsa na da tushe, in nemo masa sunan malaminsa, yana so ya je ya gaishe shi.

Na ce to. Fa'izu, ɗan cikinsa da shi ya koya wa karatun, yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalman mahaifin namu.

Idan da hali, kada ka jira hutu. Ka zo.

Ƙanwarka mai kewarka,
Mashkura