Sanusi Bai Ɓace Ba, Malam

Zuwa ga Malam, babban limamin masallacin da muke sallar Juma'a a Gusau, kuma ɗaya daga cikin malaman da ke wakiltarmu a tarukan ƙasashen Musulmi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka barka da dawowa daga tafiya, da fatan ka iske iyali lafiya.

Sunana Luba. Malamar firamare ce ni a Damba, asalinmu kuma Kekun Waje ta Bunguɗu. Ba lallai ka tuna sunan ba, amma za ka tuna matar da ta riƙa sintiri wurin Hajiya maiɗakinka tana neman iso a kan maganar ƙanenta. Na rubuto a fili ne domin na gaji da magana ta bayan labule, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake.

Ga labarin, saboda masu karatu. Ƙanena Sanusi direba ne, yana ɗauko hatsi daga kasuwar Tsafe zuwa Gusau. Da kakar bara 'yan bindiga suka tare hanya suka shiga daji da shi. Bayan watanni, wani manomi ɗan Wanke da aka kama su tare ya kuɓuto, ya zo har gida ya shaida mana cewa an yi ta kora su arewa daga wannan daba zuwa waccan har suka tsallaka iyaka. A can sojojin ƙasar maƙwabta suka faɗa wa sansanin, suka kwashe duk wanda suka samu, da mai bindiga a kafaɗa da mai mari a ƙafa. Shi manomin ya faɗa cikin gero ya tsira, amma da idonsa ya ga an jefa Sanusi a mota. Daga baya wani ɗan kasuwa mai shiga can ya tabbatar mana yana da rai a gidan yari. An tsare shi a matsayin ɗan ta'adda, mutumin da ko ragon layyarsa sai maƙwabci ya yanka masa domin ba ya iya ganin jini.

Na farko, ban taɓa cewa kai ka kama shi ba. Na bi ofisoshi har takalmina ya cinye, amsa ɗaya ce: gwamnatocin biyu ba sa ga maciji, an daina musayar bayanan tsaro, a yi haƙuri. Shi ya sa na zo wurinka. Kai da bakinka, a wurin tafsiri, ka sha ba mu labarin babban malamin garin da ake tsare da Sanusi, cewa ɗaki ɗaya kuka zauna lokacin karatu a ƙasar Larabawa, har a kwano ɗaya kuke ci. Kowa ya san hukumar can tana jin maganarsa. Abin da na roƙa kiran waya ne, ka ce masa wannan yaro ɗan gidan mutunci ne, sace shi aka yi.

Na biyu, amsar da ka aiko mini ta bakin Hajiya. Wai lokacin bai dace ba. Wai abokin naka ya koma ɓangaren masu mulkin can, kuma ƙasar da ke ɗaukar nauyin taronku ba ta shiri da wadda ke ɗaukar nauyin nasu, idan aka ji kun yi waya za a yi wa abin wata fassara. To a fassara mana, Malam! Kujerarka a wancan taro ta fi ran Musulmi nauyi ne? 'Yan bindigar da suka kora ƙanena ba wanda ya tambaye su takardar shiga ƙasa. Iyakar da ke buɗe ga ɓarayi dare da rana, ita ce ta rufe ga malamai biyu masu fuskantar alƙibla ɗaya.

Na uku, huɗubarka ta bayan dawowa. Ina sahun mata, na saurara daga farko har ƙarshe. Ka bayyana mana wace ƙasa ce ke ɓoye 'yan ta'adda, wace ce 'yar amshin shatan Turawa, wace ce ta ci amanar 'yan'uwa, da yadda taronku ya yi Allah wadai da ta'addanci da murya ɗaya. Na ji su abokin naka ma a nasu taron sun yi nasu Allah wadan, da tasu muryar ɗaya. Madalla. Kowa ya yi tir, kowa ya ci shinkafa ya hau jirgi ya dawo, su kuma mutanen Wanke da Tsafe ba su kai gonakinsu ba. Sannan ka ɗaga hannu ka yi alƙunutu ga garuruwa masu nisa, muka ce amin da zuciya ɗaya domin 'yan'uwanmu ne. Na jira in ji sunan ko ƙauye ɗaya na nan kusa, har aka shafa.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Rabi matar Sanusi tana zaune da 'ya'ya, ba ta san matsayinta ba, mahaifinta kuma ya fara tambaya. Da aka kai maka mas'alar, nan take ka ba da fatawa: hukuncin matar wanda ya ɓace, ta kai wa alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Ba na jayayya da littafi. Amma Sanusi bai ɓace ba, Malam. Mun san ƙasar, mun san garin, mun san ginin. Da na kai wa Inna mahaifiyarmu labari, cewa ta yi: "Mi za shi sa a yi ma mai rai takaba? Shi Malam ba ya da waya?"

Roƙona kaɗan ne. Ka kira abokinka. Idan za ka koma taro, ka faɗa wa shugabannin nan cewa faɗansu yana ƙarewa ne a kan talakawan da aka sace, kuma a buɗe hanyar tantance fursunoni ko da ba a shirya ba, domin na tabbata ba Sanusi kaɗai ba ne. Idan kuwa ba za ka kira ba, ka fito ka faɗa, ka daina aiko Hajiya tana sunkuyar da kai a gabana, ita ba ta yi mini laifin komai ba.

Ni dai na nemi izini a makaranta. Bayan Sallah zan shiga motar fatake in tsallaka da kaina, in je ƙofar gidan malamin nan ba tare da wasiƙar kowa ba. Da ya ji daga Gusau nake, na san abin da zai fara tambaya shi ne lafiyarka. Ka faɗa mini abin da zan ce masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da ilimi mai amfani, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya kuɓutar da duk wanda ke tsare ba da haƙƙinsa ba.

Wassalam.

Malama Luba,
Damba, Gusau.