Ban Karɓi Sallamarka Ba, Mukaila

Al Rigga, Dubai
Oktoba, 2019

Zuwa ga Mukaila, sanyin idona, inuwata a ƙasar da rana ba ta san tausayi ba, ruwan randata a tsakiyar zafi, wanda ambaton sunansa kaɗai ke sauke mini gajiyar yini.

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya hannun? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Jiya abokin ɗakinka Salmanu ya same ni a kantin maganin da nake aiki. Ya tsaya yana murza hularsa har masu sayayya suka ragu, sannan ya sauke saƙonka. Wai in yi haƙuri in manta da kai. Wai tunda injin gareji ya cinye maka yatsu uku a hannun dama, kai da kanikanci kun rabu, bizarka za ta mutu, ƙarshen wata za ka koma Kumasi, kuma ba za ka ja 'yar mutane cikin wahala ba. Na saurare shi har ya kai aya, na ce ya gaishe ka. Amsata ta fi ƙarfin bakin ɗan aike, shi ya sa na ɗauki biro.

Ban karɓi wannan sallama ba, Mukaila, ba kuma zan karɓa ba.

Ka tuna Juma'ar da muka je garin Hatta a watan Janairu? Ni da kai da Yaya Mariya da mijinta, a tsohuwar motarsu da kai ka tayar da ita a Ras Al Khor. Bayan an sauko daga masallaci muka nufi tafkin nan da ke kwance a cinyar duwatsu, ruwansa tsakanin shuɗi da kore, kamar rinin da bai gama kama zane ba. Duwatsun kuwa tsirara, ba ciyawa sai 'yan ƙayoyi da awaki masu kallon mutane kamar su ne masu gari. Aka nuna mana 'yar hanya da ke hawa tudu ta zagaye ruwan ta dawo inda ake ajiye motoci, tafiyar awa guda. Muka yi gaba, su Yaya na biye da mu suna haki.

Ni kuwa 'yar Zariya mai son gayu, da takalmin biki na zo. A daidai inda hanyar ta tsuke, dutse a hagu, rami da ruwa a dama, igiyarsa ta tsinke. Na leƙa ƙasa, jiri ya ɗebe ni, na durƙushe na ce ni kam na gama, a nan za a zo a kwashe ni. Ba ka yi mini dariya ba. Ka matsa ka tsaya tsakanina da ramin, ka zaro 'yar wayar ƙarfe da ba ka rabo da ita a aljihu, ka huda takalmin ka ɗaure, ka lanƙwashe bakin wayar don kada ta soke ni. Sai ka ce, da Hausarka ta Zangon Kumasi da ba ta raba mace da namiji: "Wasila, tashi. Baya da gaba duk nisa ɗaya ne. Kai dai ka duba ƙafana, inda na taka ka taka." Dariyar da ta kama ni ita ta kori tsoron. Na bi sawunka taki bayan taki, har muka gangaro ta ɗaya gefen, ta cikin gonar dabino, iska na kaɗa ganyen kamar ana yi mana guɗa. A mota Yaya Mariya ta mintsine ni ta raɗa mini: "Wannan kam riƙe shi."

Ashe kana tsammanin yatsu na ƙirga a ranar? Mutum na gani wanda ya ɗauki gefen rami ya bar mini gefen dutse, bai kuma ce in gode masa ba. Wannan mutumin inji bai taɓa shi ba. Yana nan kwance a unguwar Satwa ya juya fuska bango, yana ƙin ɗaga wayata. Ya kai farin watana, ka san yadda kwanakin nan suka zame mini? Ina miƙa wa marasa lafiya magani, ni kuwa tawa cutar tana ɗaki ta kulle ƙofa. Ta ya ya bishiyar kuka za ta kori tsuntsun da ya riga ya yi sheƙa a rassanta don kawai iska ta karya mata reshe ɗaya?

To ji abin da na yi, don ka san ba kuka kaɗai na iya ba. Na kira Kawu Idris a Zariya, wanda ke matsayin mahaifina tun rasuwar Baba. Ban ɓoye masa komai ba, har yatsun, har Kumasi. Ya tambayi sallarka da gaskiyarka da su wane ne iyayenka. Da na gama ya ce: "Ki ce magabatansa su neme ni." Lambarsa na hannun Salmanu. Mijin Yaya kuma ya yi magana da wani mai kantin kayan gyaran mota da ke neman wanda ya san kaya, kai kuwa da kunne ma kana gane ciwon inji. In hakan ya yiwu, alhamdulillahi. In bai yiwu ba, a Kumasi ma ana ciwon kai ana shan magani, mai irin aikina ba za ta rasa abin yi ba. Har na fara koyon Tiwi, yaren mutanen Kumasi, wajen wata abokiyar aikina, tana ta yi mini dariya.

Ranar Asabar bayan la'asar, in sha Allahu, ni da Yaya Mariya za mu zo Satwa da dambu da miyar da kake so. In har yanzu kana kan bakanka, ka dubi tsakiyar idona ka sallame ni da kanka, mu ga ko harshenka zai iya. Kafin nan ka sa a rage maka gemun nan, an ce ka bar shi ya zama daji.

Taka ce ni, a Dubai ko a Kumasi, cikin sauƙi ko tsanani, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a kafaɗa.

Wasila