Ƙatuwar Kafasitar Da Na Raina

Baba,

Assalamu alaikum. Ya shago, ya su Inna? Ni lafiya lau, sai dai makon jiya abinci bai shiga ba.

Na'urar rage ƙarfin wuta da nake haɗawa a masana'antarmu ce ta riƙa ƙonewa. Laifina ne: na cire ƙatuwar kafasitar da ke mashigar wuta, wadda ke tara wutar tana daidaita ta, na sa ƙanana 'yan yayi. Da an jona doguwar waya sai wuta ta yi ta hawa da sauka. Mudir, wato shugabanmu, har ya fara zancen soke iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan.

Sai na tuna a gyaran kayan wuta da kake yi a shago ba ka taɓa yarda a cire irinta ba. Ina mayar da ita, alhamdulillahi, wuta ta kwanta luf.

Na taɓa ce maka aikinka tsohon yayi ne. Ka yafe mini, Baba.

Ɗanka,
Zayyanu, Riyad