Tuffar da Ke Wuce Hannuna

Yakima, watan Satumba

Zuwa ga Yayata Herminia,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma gwiwar Mama ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Ki zauna kafin ki karanta. Matan kamfanin tuffa sun zaɓe ni shugabar ƙungiya. Ni Casilda, wadda kullum kike cewa bakina ne zai kashe ni. To ga shi bakin ya samu aiki. Gobe za mu shiga yajin aiki, domin sun ƙara wa bel ɗin da ke kawo mana tuffa gudu har mutum ba ya iya sosa hancinsa, kuma in kika ce za ki zagaya sai a harare ki kamar kin nemi kujerar manaja.

Kin san hannuna na dama ya daɗe da lalacewa. Komadre Nieves, wato uwar baftismar ’yata, ita ce ke rufa mini asiri. Tun kafin ta riƙe ’yata Itzel a baftisma take tsayawa daura da ni a bel, duk ruɓaɓɓiyar tuffar da ta wuce ni ita ke cafke ta, ba ta ko ɗaga ido. Sai lokacin cin abinci ta ce, "Komadre, yau ma na yi aikin mutum biyu, miƙo tamale ɗaya, alalar masarar nan taki."

Abin da ke damuna, ba ta buɗe baki a taro ba. Mijinta Evaristo yana zuwa wankin ƙoda, da inshorar kamfani ake yi masa, manaja kuma ya ce zai yanke wa duk wadda ba ta zo aiki ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Casilda

Yakima, watan Oktoba

Yaya Herminia,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Na gode da barkonon da kika aiko. Da fatan ruwa bai ɓata muku masara ba.

Yaya, raina a ɓace yake. Kullum da safe muna tsayawa a bakin get, duk wadda ta zo za ta shiga aiki sai in ɗauki lasifika in kira sunanta, in roƙe ta ta dawo cikinmu. Ni na kawo wannan tsari, har ina taƙama da shi. Ranar Litinin sai ga tsohuwar motar Nieves ta kunno kai.

Na yi kamar ina gyara igiyar takalmi. Doña Chole, tsohuwar nan mai ido kamar na shaho, ta zungure ni. Ta ce, "Shugaba, lasifikar ce ta mutu ko ke? Jiya da kika kira sunan ’yata ai muryarki garau take." Na duba, mata duk sun zuba mini ido, matan da suka bar tukunyarsu a bushe saboda na ce su bari. Na san in na yi shiru, gobe rabinsu za su bi bayanta.

Na kira. Cikakken sunanta na kira, har da na ubanta. Mata suka ɗauki ihu, wata ta ce mata maciya amana.

Ta tsayar da mota daidai inda nake, ta sauke gilashi. Na shirya shan zagi, wallahi da ya fi mini. Sai ta dubi hannuna ta ce, "Komadre, ina safar hannunki? Da sanyin nan zai kumbura." Ta ɗaga gilashi ta shige.

Tun ranar ba ta ɗaga wayata. Itzel ta daina yi mini magana sai da dalili. Ban ce na yi kuskure ba, Yaya, amma abinci ba ya shiga.

Taki,
Casilda

Yakima, watan Disamba

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki faɗa wa Mama ta daina kuka, ba wanda ya kama ni.

Mun yi nasara. An rage gudun bel, an ba mu lokacin hutu, ba a kori kowa ba. Mata suka ɗaga ni sama, da nauyina da komai, Chole tana cewa bayanta ya tafi a banza.

Evaristo ya rasu ana saura ’yan kwanaki a sa hannu kan yarjejeniya. Inshorar da Nieves ta tsallake mu dominta ba ta riƙe shi ba. Na bi mata gida gida, na ce duk wadda ba ta zo addu'ar kwana tara ba, kada ta sake kira na shugaba. Suka zo kuwa, har wadda ta ce maciya amana, da tukunyar tamale a hannu. Nieves ta karɓi kowa, ta zuba mana kofi. Da na samu na keɓe da ita a kicin na fara magana, sai ta tare ni. Ta ce, "Bari, komadre. Da ni ce riƙe da lasifikar, ni ma zan kira ki. Amma duk sanda na rufe ido, muryarki nake ji." Ta ce ba za ta iya sake bi ta get ɗin nan ba.

Ranar Asabar ɗanta ya zo daga Texas ya tafi da ita. Ta bar wa Itzel ’yan kunnenta, ni kuma ta bar mini safar hannunta.

Na koma aiki. Wata sabuwa aka tsayar daura da ni, mai kirki ce, ba ruwanta. Bel yana tafiya a hankali yanzu, yadda muka nema, kowa yana sa mini albarka. Jiya wata ruɓaɓɓiyar tuffa ta wuce hannuna, ban ko damu ba, don na saba. Sai na ga ta wuce matar, ta ci gaba da tafiya. Na bi ta da ido har ta faɗa kwali.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Casilda